An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Hayaniyar Moto Ba A Cikin Kod Take Ba

Yau zan yi magana a kan wata matsala da ta ci mini kuɗi da barci, kuma har gobe tana cin na ƙannenmu masu sha'awar haɗa 'yan na'urori da Arduino. Ko ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba ka daure ka karanta, domin da wuya a rasa wani a gidanku ko unguwarku da yake fama da ita yanzu haka.

A shekarar ƙarshe ta difloma ɗina na zaɓi in haɗa 'yar ƙaramar mota mai tuƙa kanta, wadda in ta hango bango za ta kauce. Kayan ba su da yawa: Arduino Uno guda, allon L298N mai tuƙa moto, moto biyu irin rawayen nan masu taya, da sensar HC-SR04 mai auna nisa. A kan tebur, tayoyi a sama, waya a jone da kwamfuta, komai yana tafiya daidai. Da na cire wayar na ajiye ta a ƙasa, sai ta yi tafiyar taƙi biyu ta tsaya, ta yi shiru, ta sake yunƙurawa. Wani lokaci ta kauce wa bangon da babu shi.

Mako uku na yi ina sake rubuta kod. Na ce Arduinon jabu ne, na sayi wani da kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa. Na canza sensa. Babu abin da ya sauya. Kwana tara ya rage a kare aikin gaban malamai, na ɗauki motar na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin layinmu, ba don ina sa ran komai ba, sai don in samu wanda zan yi wa ƙorafi.

Bai ko kalli kwamfutar ba. Ya ɗauko wata tsohuwar rediyo, ya kai ta matsakaicin zango, ya tsayar da allura inda babu tasha, ya ce in kunna motar. Tayoyi na fara juyawa rediyo ta ɗauki ƙara, kirrr, kamar ana soya wani abu.

Ya ce, "Ɗana, ka ji abin da ke damunka. Abin da rediyona ta ji daga nan, ita ƙwaƙwalwar taka da ke manne da shi kana zaton ba ta ji?"

Na ce, "Baba, to ai a kan tebur tana aiki."

Ya ɗaga batirin 9V ɗin da na haɗa komai a kansa ya ce, "A kan tebur kwamfuta ke ciyar da ita. A ƙasa kuwa wannan ɗan tsurut ɗin ka ɗora wa kayan jaki."

Ya ciro ƙananan kafasito daga wani mataccen allon rediyo, muka liƙa su a bakin moto. Muka raba batir, muka murɗe wayoyi. Kafin magariba motar tana zagaya shagonsa. Kod ɗin da na fara rubutawa tun ranar farko, wanda na yi ta zagi, shi ne ya yi aikin.

Ra'ayina shi ne: matsalar da aka haifa a waya, a waya ake kashe ta. Ɗabi'ar da ta yaɗu tsakaninmu ta rufe hayaniyar moto da dabarun kod, ko ta sayen sabon allo duk sanda abu ya ƙi, tana ɓata kuɗi, kuma tana fitar da masu haɗa na'urar da ba za a iya barin ta ita kaɗai na awa ɗaya ba. Don a gane dalilina, sai mu fara duba ta inda hayaniyar ke shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan uku ce.

Tsaga ta farko ita ce faɗuwar wuta. Duk wanda ya zauna a gidan da ke amfani da ƙaramin janareta ya san yadda ƙwan lantarki ke dushewa na ɗan lokaci idan firij ko injin jan ruwa ya tashi. Dalili shi ne moto yana jan wuta mafi yawa a daidai lokacin da yake tsaye yana son motsawa. Idan yana juyawa, shi kansa yana haifar da wani ƙarfin lantarki da ke turo wanda ake ba shi baya, wannan ne ke rage abin da yake ja. A tsaye kuwa babu wannan turowar. Rawayen moton nan da tayoyinsa a sama bai kai rubu'in amfiya ba, amma idan ya tashi da nauyi ko taya ta maƙale, zai iya jan amfiya ɗaya ko fiye. Biyu kuma ninki ne. Batirin 9V mai kusurwa huɗu an yi shi ne don abubuwa masu shan wuta kaɗan kamar mita, don haka da an tsotse shi haka sai ƙarfinsa ya zube.

Ƙwaƙwalwar da ke kan Uno, wato ATmega328P, tana gudu a kan megahaz 16, kuma a wannan gudun tana buƙatar kusan bolt 3.8 zuwa sama kafin a amince da lissafinta. An saita ta ta kashe kanta ta sake tashi idan wuta ta faɗi ƙasa da bolt 2.7. Wannan shi ne tsayawa da sake yunƙurawar da motata ke yi: moto ya ja wuta, ƙwaƙwalwa ta suma, moto ya tsaya, batir ya farfaɗo, ƙwaƙwalwa ta farka ta sake ba da umarnin tafiya. Haka za a yi ta zagaye har batir ya mutu.

Tsaga ta biyu ita ce tartsatsi da harbin baya. A cikin irin wannan moto akwai burushi da ke gogar wani ƙarfe mai juyawa, yana haɗawa yana rabawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kowace rabuwa ɗan tartsatsi ne, kuma kowane tartsatsi yana watsa igiyar rediyo. Ita ce rediyon Baba ta kama. Wayoyin moto idan suka yi tsawo sai su zama eriya, wayar sensa da ke kwance kusa da su ta zama mai karɓa. Ban da wannan, moto naɗin waya ne, kuma naɗin waya ba ya yarda a yanke masa wuta farat ɗaya. Da an yanke sai ya harbo ƙarfin da zai iya ninka na batir sau da yawa. Wannan ba sabon ilmi ba ne, Michael Faraday ya gano tushensa a Ingila tun 1831. Ka tuna kuma idan Arduino na rage gudun moto, kunnawa da kashewa yake yi kusan sau 490 a daƙiƙa a yawancin ƙafafunsa. Kowace kashewa da harbinta.

Tsaga ta uku ita ce wadda aka fi mantawa: wayar komawa, wadda aka rubuta wa GND a jikin allo. A zane, layi ne kawai. A zahiri kuwa waya ce mai nata taurin kai. Mu ɗauka siririyar wayar tsalle da bakin allon gwajin da ya saki sun haɗa kashi ɗaya cikin goma na om. Idan amfiya biyu ta moto ta bi ta nan, za a samu bambancin bolt 0.2 tsakanin wannan baki da wancan. Uno yana raba bolt 5 zuwa matakai 1024 idan yana karanta sensa, kowane mataki kusan milibolt 4.9. Ke nan bolt 0.2 ya kai matakai kusan 40. Sensarka lafiyarta ƙalau, amma ƙasar da take tsaye a kai ce ke rawa.

To yanzu a faɗa mini, wane layin kod ne zai ƙara wa batir ƙarfi, ko ya kashe tartsatsi, ko ya ƙara wa waya kauri?

Maganin bai da tsada, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi idan na tuna Arduino na biyu da na saya. A ba moto batirinsa daban. Batir 18650 guda biyu a jere suna ba da bolt 7.4, L298N kuma yana cinye kusan bolt 2 ko fiye a cikinsa saboda irin tiransiston da aka gina shi da su, sai abin da ya rage ya dace da moton da ke son bolt 3 zuwa 6. Arduino shi kaɗai batirin 9V ɗin ya ishe shi. Amma dole a haɗa GND na ɓangarorin biyu, a wuri ɗaya tak, kusa da direban moto, yadda wutar moto ba za ta ratsa ta wayar da sensa ke tsaye a kai ba. A sa babban kafasito na maikrofarad 470 zuwa 1000 a bakin da wuta ke shiga direba, ya zama randar da moto zai ɗiba daga ciki lokacin tashi. A liƙa ƙaramin kafasito mai lamba 104, wato maikrofarad 0.1, tsakanin ƙafafun moto biyu, a kan moton kansa ba can nesa ba. In hali ya yi a ƙara biyu, daga kowace ƙafa zuwa gangar jikin moton. A murɗe wayoyin moto biyu kamar igiya, a gajarta su, a nesanta su da na sensa. Ita ma murɗa wayar tsohuwar dabara ce, Alexander Graham Bell ya yi rajistarta a 1881 don rage hayaniya a layin tarho.

Gargaɗi biyu a nan. Babban kafasito mai kama da gwangwani yana da gaba da baya, kada a taɓa sa shi a ƙafafun moton da ke juyawa gaba da baya, zai kumbura ya fashe. Batir 18650 kuma ba abin wasa ba ne, idan bakinsa biyu suka haɗu zai iya kama wuta, don haka a sa shi a mazauninsa, a yi cajinsa da allon caji mai kariya.

Na san akwai masu ja da ni, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Na farko zai ce, ai mu ba mu da osiloskof, ta ina za mu ga hayaniyar? Gaskiya ne, kuma mita ba za ta taimaka sosai ba, domin tana sabunta lambarta sau biyu ko uku ne a daƙiƙa, faɗuwar wutar kuwa ƙiftawar ido ma ta fi ta tsawo. Za ka ga bolt 5 cif a fuskar mita alhali ƙwaƙwalwa ta suma ta farka. Amma rashin kayan aiki bai hana bincike ba. Ka sa fitilar ƙafa ta 13 ta yi ƙiftawa biyar a hankali a farkon shirinka. In ka ga tana maimaita ƙiftawar a tsakiyar tafiya, ka san sake tashi allon yake yi. Ka cire wayoyin moto ka gudanar da kod ɗin yadda yake. In komai ya daidaita, kod ya fita daga zargi. Ka mayar da moto amma a batir daban. In ya warke, faɗuwar wuta ce. In bai warke ba, ka koma kan kafasito da wayoyi. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, kuma ka rubuta a littafi abin da ka canza da abin da ka gani. Ni kuskurena shi ne ina canza abu huɗu a dare ɗaya, da safe ban san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Na biyu zai ce, ai injiniyoyi na gaske ma suna tace karatun sensa a cikin kod. Haka ne, kuma ban ce a daina ba. Karanta nisa sau biyar ka ɗauki na tsakiya dabara ce mai kyau. Tayar da moto a hankali maimakon a banka masa wuta gaba ɗaya yana rage jan farko. Tsayar da shi na ɗan lokaci kafin a juya shi baya ya zama dole, domin juyawa nan take tana jan wutar da ta fi ta tashi daga tsaye. Waɗannan duk suna rage matsalar ne daga tushe ko suna share ɗan abin da ya saura. Abin da nake ƙi shi ne ɓoye alama. Misali mafi muni shi ne na allon ESP32, wanda kamfanin Espressif ya fitar a 2016. Idan wutarsa ta faɗi yana rubuta saƙo ƙarara cewa mai gadin faɗuwar wuta ya tashi. Sai ka ga an ba yaro shawara ya sa layi biyu ya kashe mai gadin. Saƙon ya ɓace, yaro ya yi murna. Wutar kuwa tana nan tana faɗuwa, sai dai yanzu ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da aiki a cikin maye maimakon ta tsaya. Wannan daidai yake da mai ciwon haƙori ya fasa madubi.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa, ko da ba a faɗa a fili: ai minti goma kawai nake buƙata ta yi aiki a gaban malamai. Wannan ne ya fi damuna. Yau 'yar motar wasa ce, amma ilmin da hannun ɗaya ne za su haɗa na'urar ban ruwa a lambu ko ta juya ƙwai a injin ƙyanƙyasa. Wani abokina ya haɗa wa yayansa na'urar da ke kunna famfo mai bolt 12 idan ƙasa ta bushe. Duk sanda famfon ya mutu sai allon rubutu ya cika da wasu haruffa kamar rubutun aljanu. Ya warware ta da sa na'urar ta riƙa sake tayar da allon rubutun kowane minti. Rubutu ya gyaru. Wata rana harbin ya daskarar da ƙwaƙwalwar kanta alhali famfo na kunne, tanki ya ƙare, famfo ya yi ta juyawa babu ruwa har ya ƙone, yayan ya ce a kwashe masa tarkacen daga lambu. Abin da ya rasa dayod ɗaya ne, 1N4007, a kan ƙafafun famfon, ɓangaren mai zobe yana kallon wayar wuta. Allon rile ɗin da ya saya yana da dayod, amma na naɗin rile ɗin ne, ba na famfon ba. Haruffan aljanun nan kuwa suna da bayani: irin wannan allon rubutu ana aika masa kowane harafi ne rabi da rabi, idan hayaniya ta ƙara bugu ɗaya na ƙarya sai ya riƙa haɗa rabin wannan da rabin wancan. Allon yana gaya masa gaskiya tun farko, shi ne ya toshe masa baki. Asarar ba ta tsaya a famfo ba, domin yayan nan ba zai sake yarda wani yaro ya kawo masa na'urar gida ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa.

Ba na ɗora laifin duka a kan masu koyo. An ƙirƙiri Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai masu zane da ƙira waɗanda ba injiniyoyi ba su iya haɗa abu cikin sauƙi, kuma ya cika wannan buri. Amma sauƙin ya zo da nasa illa. Zane-zanen da muke kwafa masu wayoyi ja da baƙi suna nuna ina za a soka me, ba sa nuna kaurin waya, ko tsawonta, ko ta ina wuta za ta dawo. Akwatunan kayan koyo da yawa suna zuwa da moto tsirara ba kafasito. Mu kuma a aji mun haddace dokar Ohm mun ci jarabawa, amma ba mu taɓa tunanin ta shafi wayar tsallen da ke hannunmu ba. Shi kuwa Baba mai rediyo bai san ko layi ɗaya na kod ba, amma ya shekara talatin yana sauraren hayaniya, ya san muryarta.

Don haka ina da roƙo uku. Masu koyarwa, a ranar da za ku fara haɗa moto da ɗalibai, ku bar su su haɗa shi ba daidai ba tukuna, su ga allon yana suma da idonsu, sannan ku ba su kafasito. Darasin da aka gani ba ya gogewa. Masu duba aikin ƙarshe, kada ku tsaya a kan tebur. Ku ce a ajiye a ƙasa, ku riƙe taya da yatsa na daƙiƙa biyu, ku ga ko za ta farfaɗo. Masu saye kuma, in da hali ku nemi direba irin TB6612FNG ko DRV8833, waɗanda ba sa cinye wuta kamar L298N, amma ku sani su ma ba za su yafe muku mugun haɗin waya ba.

Kai kuma ƙanena da ke zaune yanzu da na'urar da ta ƙi ji, kana shirin goge kod karo na goma, ka dakata. Cire wayar moto tukuna ka sake kunnawa. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, ni kuwa rashin yin sa ya ci mini mako uku da kuɗin wata biyu. Arduino na biyun nan yana nan a cikin durowata, lafiyarsa ƙalau, kamar yadda na farkon ma yake.

Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ko yake ganin na yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take.